Tsara Manufa a Ƙaramin Kasuwanci

Tsara manufa a ƙaramin kasuwanci shi ne mai sana'a ya yanke wa kansa matsayin da yake son kasuwancinsa ya kai, ya fayyace adadi da wa'adi, sannan ya riƙa auna cinikinsa na kullum da wannan ma'auni. Manufa ta bambanta da buri. Duk wanda ya baro Kano ko Sakkwato ko Katsina ya sauka Legas yana da burin samun arziki, amma mai manufa shi ne wanda zai iya faɗin buhu nawa na albasa yake son ya riƙa saukewa a mako kafin watan azumi ya kama, da kuma inda kuɗin ƙarin zai fito. Batun ya shafi mai tebur da mai shayi da ɗan gwari kamar yadda ya shafi mai babban shago, har ma ya fi matsa wa ƙaramin, domin jarinsa ba ya jure kuskure sau biyu.

Asalin tunanin

Hausawa sun san tsara tafiyar kasuwanci tun kafin a rubuta ta a littafi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, sayen goro sukan tsayar da lokacin tashin ayari, da zangon da za a yada, da hajar da za a kai a musanya, duk a ƙarƙashin madugu. Bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, cinikin goro da na shanu ya ƙara karkata kudu, kuma shi ne ya ƙarfafa zaman Hausawa a wurare irin su Agege da ke Legas.

A matsayin fannin ilimi kuwa, an fi danganta batun da Peter Drucker, wanda a 1954 ya yaɗa ra'ayin tafiyar da ma'aikata ta hanyar manufofin da aka amince da su tun farko. A 1968 masanin halayyar ɗan Adam Edwin Locke, ɗan Amurka, ya nuna cewa mutum ya fi ƙwazo idan aka ba shi manufa takamaimiya mai ɗan wuya, fiye da idan aka ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa kawai. Shi da Gary Latham sun faɗaɗa wannan nazari a 1990, suka ƙara da cewa manufar ba ta aiki sai mai ita ya yarda da ita a zuciyarsa, yana kuma samun labarin inda ya kai a kai a kai. A 1981 George Doran ya taƙaita sharuɗɗan a cikin kalmar Turanci SMART, wadda kowane harafinta ke wakiltar sharaɗi ɗaya, kuma ta shahara a tarukan horar da 'yan kasuwa. Yadda ake karantar da ita a yau, manufa ta zama fayyatacciya, mai aunuwa, mai yiwuwa, mai alaƙa da ainihin sana'ar, kuma mai wa'adi.

Ciniki, riba da uwar kuɗi

Wurin da ƙananan 'yan kasuwa suka fi tuntuɓe shi ne zaɓen abin da za a auna. Da yawa sukan ɗora manufarsu a kan ciniki, wato jimillar kuɗin da ya shiga aljihu, alhali ciniki yana iya ninkawa mai shi yana komawa baya. Ɗan gwarin da ke sauke tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas ba ya sanin ribarsa sai ya cire kuɗin sari a gona, da kuɗin mota, da abin da aka kashe a hanya, da la'adar dillali, da ladan 'yan dako, da harajin kasuwa, da kuma kwandunan da suka lalace a tafiyar fiye da kilomita 1,000. Abin da ya saura bayan wannan shi ne riba, kuma a kanta ya kamata manufa ta tsaya.

Hauhawar farashi ta ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. A irin wannan yanayi lissafin naira yana yaudarar mai shi. A ɗauka mai shago a Idi-Araba ya fara shekara da jarin da ke sayen buhu 20 na shinkafa, ya ƙare ta da kuɗin da suka fi na farko yawa, amma da ya koma wurin sari sai ya tarar buhu 16 kawai za su saya. A takarda ya ci riba, a zahiri kuwa ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na uwar kuɗinsa. Saboda haka manufar da ta fi aminci ita ce wadda aka ƙirga da haja: buhu nawa, kwando nawa, dila nawa, kan dabba nawa. Haka kuma farashin sayarwa ya kamata ya bi kuɗin da za a sake sayo kayan da shi gobe, maimakon kuɗin da aka sayo su jiya. Wannan ita ce gaɓar da ta fi kowace muhimmanci a dukan batun, kuma abin takaici ne yadda mutane masu gaskiya da himma ke karyewa saboda rashin lura da ita.

Ba a iya auna komai ba tare da rubutu ba. Littafi ɗaya mai sauƙi, da boko ko da ajami, wanda ake shigar da abin da aka saya, da abin da aka sayar, da abin da aka ɗauka don cefane, ya wadatar. Masu karɓar kuɗi ta na'urar POS ko ta tura wa asusu suna da wani ɓangare na wannan lissafi a wayarsu, sai dai idan asusun shago da na gida ɗaya ne, lissafin ba ya nuna komai. Shi ya sa raba aljihun gida da na kasuwa, tare da yanka wa kai albashi na mako ko na wata, yakan zama manufa ta farko ga mai farawa. Ga Bahaushen Legas wannan yana da nauyi na musamman, domin akwai iyali a gida da ke jiran aike, ga biki da suna da rashin lafiya, kuma ba a cewa a'a ga iyaye. Hanyar da ta dace ita ce a sanya aiken cikin tsarin tun farko da adadi sananne, yadda zumunci zai ci daga riba, uwar kuɗi ta zauna lafiya.

Wa'adi da kalandar kasuwa

Wa'adin manufa yana da amfani ne idan ya bi lokutan sana'ar. Tumatir da tattasai da attaruhu sukan yi yawa su yi araha a lokacin noman rani, su yi ƙaranci su yi tsada idan damina ta kankama. Mai sayar da raguna a Agege yana yin mafi yawan cinikin shekararsa ne a makonnin da ke gaban Babbar Sallah, don haka manufarsa takan fara watanni kafin nan, lokacin saye da kiwo. Watan Disamba, da bukukuwan Kirsimeti da na ƙarshen shekara, kaka ce ga mai suya da mahauci da tela. Tun da watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, tsarin bara ba ya dacewa da bana sai an gyara.

Kuɗin hayar shago, wanda a Legas aka saba biyansa na shekara gaba ɗaya, misali ne mai kyau na yadda ake karya babbar manufa zuwa ƙanana. Idan hayar naira 600,000 ce, ajiye naira 50,000 a wata, ko kusan 11,500 a mako, ya fi sauƙi a kan neman kuɗin a dunƙule ranar da mai gida ya aiko. Adashi yana yin wannan aiki tun da daɗewa, domin zubi yana tilasta ajiya, kwasa kuma tana da rana sananniya. Amfaninsa yana cika ne idan an san abin da za a yi da kwasar tun kafin ta zo hannu.

Ga Musulmi akwai ƙidayar shekara da addini ya riga ya wajabta. Ɗan kasuwar da dukiyarsa ta kai nisabi, wato kimar zinariya kusan giram 85, kuma shekara ta zagayo, zai ƙiyasta hajarsa ya haɗa da kuɗin hannunsa ya fitar da kashi ɗaya cikin 40. Wannan ranar ta zakka ita ce mafi dacewa da duba ko jari ya ƙaru ko ya ragu, da kuma tsayar da manufar shekara mai zuwa.

Bashi, rajista da neman jari

Bashi yana daga cikin abubuwan da ya kamata a sa wa iyaka da adadi, misali kada abin da ke hannun masu ɗaukar kaya ya wuce wani kaso na jari, kuma kowane bashi ya kasance da ranar biya a rubuce. Wasu manufofin kuma na gina kasuwancin ne. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana buɗe ƙofar asusun banki mai ɗauke da sunan shago. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003, tana kula da bunƙasa ƙananan sana'o'i, Jihar Legas kuma ta kafa asusun LSETF a 2016 don tallafa wa masu sana'a mazauna jihar. Masu guje wa kuɗin ruwa suna da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus. Duk waɗannan wurare sukan nemi ganin lissafi a rubuce.

Iyakoki da suka

Akwai abubuwan da tsari ba ya hanawa. A 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Arewa har farashi ya yi tashin gwauron zabo a Legas. A watan Yunin 2022 gwamnatin Jihar Legas ta ƙarfafa haramcin acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, abin da ya rushe lissafin matasa masu yawa da suka ɗauki babur a kan biya sannu a hankali. A farkon 2023 kuma sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, masu kayan gwari da ba su da asusun banki suka fi kowa jin jiki. Saboda irin waɗannan ne ake son a riƙa bitar manufa duk wata ko duk wata uku, a kuma ware wani abu da zai riƙe shago na 'yan makonni idan kasuwa ta tsaya. Sauya manufa saboda yanayi ya sauya ba gazawa ba ce. Masu ganin tsari kamar ja-in-ja ne da ƙaddara kuwa, malamai sukan tunatar da su hadisin da aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Masana sun kuma yi gargaɗi a kan manufar da aka tsananta. A 2009 Lisa Ordóñez da abokan aikinta sun nuna cewa manufa mai ƙunci, wadda ake matsa wa ma'aikaci lallai sai ya cika ta, tana iya kai shi ga ha'inci da yin kasadar da ba ta dace ba. A kasuwa ana ganin haka idan maigida ya ɗora wa yaron shago adadin da ya fi ƙarfin wurin, sai yaron ya koma tauye mudu, ko algus, ko bayar da kaya bashi ga wanda ba zai biya ba don dai a ga ciniki ya yi yawa. Maganin da aka fi bayarwa shi ne a zauna da yaron a tsayar da adadin tare, a bar manufofin su zama biyu ko uku a lokaci guda, sannan a haɗa adadin ciniki da wani ma'auni na biyu, kamar yawan abokan cinikin da suka dawo a cikin wata da kuma yawan bashin da aka karɓo.