Fadar Bran

Fadar Bran tsohon ginin dutse ne a ƙasar Romaniya, a kan wani tsauni da ke bakin mashigar da ta haɗa yankin Tiransilbaniya da Walakiya, kimanin kilomita 30 kudu maso yamma da birnin Brasov. Masu yawon buɗe ido sun fi saninta da "fadar Dracula", duk da cewa alaƙarta da wannan suna ba ta da ƙarfi.

A ranar 19 ga Nuwamba 1377 Sarki Louis na Ɗaya na Hangare ya ba Jamusawan da ke zaune a Brasov izinin gina ta da kuɗinsu. Aikinta biyu ne: tsare mashigar daga mahara, da karɓar kuɗin fito daga fataken da ke ratsa duwatsun. A 1920 birnin Brasov ya ba Sarauniya Marie ta Romaniya kyautarta, ta sa aka gyara ta ta zama gidan hutu. 'Yarta Ileana ta gaje ta a 1938, gwamnatin kwaminisanci ta ƙwace a 1948, sannan aka mayar wa 'ya'yan Ileana a 2006. Yawancin abin da baƙo zai gani a ciki ya shafi zamanin sarauniyar ne.

Labarin Dracula, wani dodo mai shan jinin mutane da ke zaune a wata fada a Tiransilbaniya, ya fito ne daga littafin Bram Stoker na 1897, kuma marubucin bai taɓa taka Tiransilbaniya ba. Sunan ya aro shi daga Vlad na Uku, sarkin Walakiya a ƙarni na 15, wanda ya yi ƙaurin suna wajen tsire abokan gaba a kan sanduna masu tsini. Babu shaidar cewa Vlad ya zauna a Bran. Kagararsa ita ce Poenari, wadda sai an hau matakala 1,480 ake isa kangonta. Kamannin Bran ne, da dogayen hasumiyoyi a kan dutse, suka dace da labarin, 'yan kasuwa kuma suka riƙe. Abin da ya fi tsufa a ƙauyukan yankin shi ne imani da strigoi, mamatan da ake cewa suna fitowa daga kabari su cuci masu rai, shi ya sa ake shafa tafarnuwa a ƙofofi da tagogi a daren jajibirin 30 ga Nuwamba.

Daga Bukarest, babban birnin ƙasar, jirgin ƙasa na kai mutum Brasov cikin kusan awa biyu da rabi, daga nan bas daga tashar Autogara 2 na ɗaukar minti 45 zuwa Bran. Ranar Litinin sai tsakar rana ake buɗewa. Hanyar hawa daga ƙofar tikiti gajera ce amma tana da tudu, kuma tana santsi in ƙanƙara ta zuba, don haka takalmi mai riƙe ƙasa ya zama dole.

A ciki kowa hanya ɗaya yake bi. Ɗakunan ƙanana ne, ƙofofin gajeru, akwai kuma wata ɓoyayyiyar matakala cikin bango da ta haɗa hawa na ɗaya da na uku, wadda mutum ɗaya kawai take ci. Nan ne layi ke tsayawa cak a watannin Yuli da Agusta da ƙarshen Oktoba, lokacin Halloween, bikin da ake yin shigar dodanni. Wanda ya sayi tikiti ta intanet ya iso da zarar an buɗe zai zagaya cikin awa ɗaya zuwa biyu. Mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu zai sha wuya a matakalun.