Su waye 'yan CID ɗin soshiyal midiya?

In ka ji an ce wane ai CID ɗin Facebook ne, ko an ce 'yan CID ɗin TikTok sun shiga maganar, to ana nufin mutanen nan ne da ba 'yan sanda ba, ba lauyoyi ba, ba 'yan jarida ba, ba kuma dangin mamaci ba, amma da zarar an yi kisa ba a san wanda ya yi ba sai su ɗauki waya su fara nasu binciken. CID na asali sashe ne na 'yan sanda mai binciken manyan laifuka, kowace jiha da nata, namu na Bauchi yana ƙarƙashin rundunar jiha mai hedkwata a titin Yandoka. Su kuma waɗannan waya ce kawai a hannunsu da data, sai lokaci mai yawa. Wasu suna cewa kotun soshiyal midiya, kuma sunan ya dace da rabin aikin, don yawanci ba a tsayawa a bincike, a nan take ake yanke hukunci.

Ga yadda abin yake tafiya, kuma duk wanda yake cikin guruf ɗin WhatsApp na unguwa ko na tsofaffin ɗalibai ya san ba ƙari na yi ba. A ce an wayi gari an tsinci gawar wani magidanci a ɗakinshi. Kafin a gama mishi wanka hotonshi ya zaga Bauchi, daga Yelwa har Jahun, wani ma hoton gawar ne da jini da komai, ba a ko rufe fuska ba. Kafin azahar an tono shafinshi na Facebook, an ɗauko wani fostin da ya yi wata shida baya yana cewa Allah ka raba mu da maƙiya, an yi sikirinshot an zagaye da jan layi an rubuta “ku duba nan da kyau”. Sai saƙon murya ya biyo baya, muryar wata mata da ba wanda ya san ta, tana cewa ƙanwar maƙwabciyarta ce ta gaya mata wai daren jiya an ji suna faɗa da amaryar. Zuwa la'asar wani ya je wajen zaman makoki ya ɗauki bidiyon matan a ɓoye, an rage gudun bidiyon, ana ta kwament a ƙasa, ku kalli idonta ko ɗigon hawaye babu, ku ga yadda take danna waya, wallahi wannan ta san wani abu. Kafin isha'i an samo sunanta da sunan babanta da unguwarsu da makarantar da ta yi. Matar da ta shiga takaba yau da safe ke nan.

Kuma abin da yake damuna shi ne waɗanda ake zargi kusan kullum su ne dai: mata, kishiya, matar uba, ɗan aiki, mai gadi, mai keke napep ɗin da aka ga ya sauke shi, abokin da suka yi waya na ƙarshe, ko baƙon da ba ɗan gari ba. Wato wanda ya fi kusa ko wanda ya fi rauni. Wani lokacin eh, a cikinsu mai laifin yake, ba na musu. Amma mai kwament bai san wannan ba a lokacin da yake rubutawa, canka kawai yake yi, in ta faɗa daidai ya ce ai na faɗa muku, in ba ta faɗa ba ya wuce labari na gaba.

Ba zan ce duk masu yi mugaye ba ne. Da yawa zafin rai ne da tausayi yake sa su, da kuma rashin yarda da hukuma, wanda ba daga sama ya faɗo ba. Mun ga kashe-kashe da aka yi ta surutu kwana uku sai maganar ta bi ruwa. Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, an ɗauke shi a gidanshi a Barnawa cikin Kaduna a farkon Agustan 2019, kuma shekara da shekaru mutane ne a intanet suke ta tambayar ina yake, su suka hana a manta da shi. Mutumin da ya ga irin wannan dole ya ji cewa in bai yi magana ba ba wanda zai yi. Akwai kuma ɓangaren da ba a so a faɗa, labarin kisa yana kawo mabiya, yana kawo kallo, shafukan tsegumi da talla suke ci, kuma bidiyon da ya ambaci suna ya fi wanda ya ce mu jira bincike gudu nesa ba kusa ba.

Shirun da ake ji daga hukuma shi ma yana da kyau a san daga ina yake, don ba kullum rufa-rufa ba ne. Maganar kisa ba ta tsayawa a ofishin DPO, ana tura ta CID na jiha. Su za su ɗauki bayanan shaidu, su nemi bayanan kiran waya daga kamfanonin sadarwa, abin da ni da kai ba za mu taɓa samu ba, su nemi rahoton likita. A nan ma muna da tamu matsalar, mu muna gaggawar binne mamaci kamar yadda addini ya koyar, kuma iyalai da yawa ba sa yarda a yi binciken gawa, to hujja babba ta tafi ƙasa tun ranar farko. Bayan nan fayil ya tafi ma'aikatar shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati, kotun majistare ajiye mutum kawai take yi don ba ta da hurumin shari'ar kisa, sai babbar kotu. Wannan duk watanni ne, wani sa'in shekaru. Kuma mai bincike na gaske ba ya fito da duk abin da ya sani, yana riƙe wasu bayanai da wanda ya yi kisan ne kaɗai zai san su, don da su ake gane mai gaskiya da mai ƙarya a wajen tambaya. To a wannan shirun ne 'yan CID ɗin waya suke cika gurbi da abin da suka ga dama.

Akwai inda surutun intanet ya yi rana, gaskiya ce. A Afrilun 2021 wata budurwa a Akwa Ibom, Iniubong Umoren, ta fita neman aiki ba ta dawo ba, ƙawarta ta fito Twitter ta yi ta kururuwa da bayanan da take da su, mutane suka ɗauka, cikin kwanaki aka kama wanda ya yaudare ta, aka tono gawarta, kuma a Agustan 2022 kotu ta yanke mishi hukuncin rataya. A Amurka ma a 2021, maganar Gabby Petito, wata budurwa da ta ɓace a kan tafiya, wasu matafiya ne masu ɗaukar bidiyo suka koma cikin abin da suka ɗauka suka ga motarta a ajiye a wani daji a jihar Wyoming, suka miƙa, kuma a kusa da wurin aka samu gawarta. Hanifa ta Kano kuwa ba wanda zai manta, yarinya 'yar shekara 5, an sace ta a Disambar 2021, jami'an tsaro suka kama mai makarantarsu a Janairun 2022, a watan Yuli na shekarar babbar kotun Kano ta yanke mishi hukuncin kisa. Ni a ganina idon da jama'a suka zuba yana cikin abin da ya sa shari'ar ba ta yi shekaru tana jan ƙafa ba.

Amma ka lura da abu ɗaya a duka ukun. Ƙawar can abin da ta sani ta faɗa. Matafiyan can abin da kyamararsu ta ɗauka suka bayar. A maganar Hanifa jami'ai ne suka gano mutumin, jama'a matsin lamba suka yi. Ba inda kallon hoto da karanta fuska ya kama mai kisa. Shaida daban, matsin lamba daban, canki-canki daban, kuma na ukun ne mafi yawan abin da ake kira bincike a wayoyinmu.

Shi kuma na ukun an ga ɓarnarshi ƙarara. A 15 ga Afrilun 2013 aka ta da bam a gasar gudu ta birnin Boston a Amurka, mutum 3 suka mutu, masu bincike a shafin tattaunawa na Reddit suka kama sunan wani ɗalibin jami'a da ya ɓace tun wata guda kafin nan suka ce shi ne. Iyayen da suke neman ɗansu suka koma karɓar zagi da kiran waya cikin dare. Bayan kwanaki aka tsinci gawarshi a kogi, ba abin da ya haɗa shi da bam, har kamfanin Reddit ya fito ya ba da haƙuri. A Nuwamban 2022 aka kashe ɗalibai 4 da wuƙa a jihar Idaho ta Amurka, sati shida ba a kama kowa ba, a cikin sati shidan nan ba wanda ba a zarga ba, abokan zamansu da suka tsira, tsohon saurayi, wani yaro da aka gani a bidiyo wajen mai sayar da abinci, har wata mai duba da kati a TikTok ta ce wata farfesa ce ta sa aka yi, matar da ba ta ma san yaran ba, sai da ta kai ƙara kotu. Wanda aka kama a 30 ga Disamba, Bryan Kohberger, da ƙwayar halittar DNA da aka samu a kuben wuƙa da bayanan mota da na waya aka kai gare shi, kuma a Yulin 2025 ya amsa laifinshi.

Can ke nan, inda wanda aka yi wa ƙazafi zai iya ɗaukar lauya. Mu nan abin ya fi haka haɗari, domin tsakanin kwament da taron jama'a da sanduna babu nisa. Mun san yadda ihun ɓarawo yake ƙarewa a kasuwa. A Uromi ta jihar Edo, Maris 2025, mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida aka kashe a kan zargin masu garkuwa ne, ba bincike ba kotu. Kuma mu da muke maƙwabtaka da Filato mun san abin da hoto ɗaya da aka liƙa wa labarin ƙarya zai iya jawowa matafiyi a hanyar Jos. Ko da ba a kai ga duka ba, a gari irin Bauchi da kowa ya san gidan kowa, yarinyar da aka yi yawo da hotonta an ce ita ta kashe, ko kotu ta wanke ta, ranar da aka zo binciken aurenta maganar za ta taso. Wanda ya yi fostin ɗin ya goge nashi, amma sikirinshot yana wayoyi dubu.

Sannan shi kanshi binciken ana lalata shi. Wanda ya yi kisan shi ma yana da waya, yana karanta komai, yana ganin inda aka dosa ya san lokacin gudu da abin da zai ƙona. Shaidar gaske kuma in ya kwana uku yana karanta labarin guruf sai abin da ya gani da abin da ya karanta su cakuɗe a kanshi, ya je kotu lauyan wanda ake tuhuma ya wargaza shi cikin minti kaɗan. Wani shaidar ma tsoro zai hana shi fitowa, don ya ga yadda aka yi da sunan na farko.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta sa ɓata suna cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kai, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Rubuta “wai” ko “ana zargin” a gaban sunan mutum, ko “an turo min ne”, ba ya wanke wanda ya yaɗa. A addini kuwa abin a fili yake tun muna Islamiyya, suratul Hujurati ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika kar a cutar da mutane cikin jahilci, ita ce kuma ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, kuma hadisi ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ƙa'idar alƙalanmu ma ita ce hujja tana kan mai da'awa. Jini ake magana, 'yan uwa, ba rigimar ƙwallo ba.

Ban ce a yi shiru ba, ni kaina ba na son shirun. A tambayi kakakin 'yan sanda ina aka kwana, a tambayi kwamishinan shari'a yaushe za a gurfanar, a riƙa tuna ranar da abin ya faru duk shekara, in an fara shari'a a je kotu a zauna don a buɗe take ga kowa, a taimaka wa iyalin da kuɗin lauya in ba su da hali. Duk wannan ana yin shi ba tare da an ɗora hoton kowa an zagaye da jan layi ba. In kuma kai ne Allah ya sa ka ga wani abu, ko kyamarar shagonka ta ɗauka, ko mamacin ya turo maka saƙo a daren, kar ka fara da guruf. Ka bar shi yadda yake a wayar, kar ka yanke kar ka sa mishi waƙa ko rubutu, don kwanan wata da lokacin da ke jikin asalin bidiyon su ne darajarshi a kotu, kuma WhatsApp yana rage ingancin abin da aka tura. Ka kai wa mai binciken da ke riƙe da fayil ɗin. In kana tsoron a juya maganar kanka, wanda tsoro ne da kowa ya san dalilinshi a ƙasar nan, ka tafi da lauya ko mai unguwarku, ko ka bi ta hannun lauyan iyalin mamacin, kuma ka ajiye kwafi a wani wuri daban kafin ka miƙa wayar.