Gauraka: tsuntsun fadama mai tukkun zinariya

Yaya kamanninsa suke?

Tsuntsu ne dogo, tsayinsa ya kai kusan mita ɗaya, nauyinsa kilo 3 zuwa 4. Jikinsa baƙi ne mai sirkin toka, fukafukansa da fari. A kansa akwai tukku na tsinkayen gashi ruwan zinariya, a goshi kuma wani baƙin gashi mai laushi kamar karan-miski. Kumatunsa ba gashi, sama fari, ƙasa ja-ja. Da wuya ka bambanta namiji da mace, sai dai namijin ya ɗan fi girma.

Me yake ci?

Ba ya zaɓe. Ƙwayar ciyawa, fara, kwaɗi, ƙananan kifaye, ga shinkafar manomi in ya samu. Yakan yi tafiya yana buga ƙafa a ƙasa, ƙwarin da suka ɓuya a ciyawa su tashi, shi kuma ya cafke.

Da gaske yana rawa?

Ƙwarai. Ya buɗe fukafukai, ya sunkuya, ya daka tsalle, macen ta amsa masa. An fi ganin haka dab da lokacin aure, amma ko ba lokacinsa ba sukan taka. Da damina suke yin sheƙa ta ciyawa a cikin dausayi, macen ta saka ƙwai 2 zuwa 5, su biyun su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan wata guda. Da dare kuwa kan bishiya gauraka yake kwana, domin doguwar yatsarsa ta baya tana kama reshe, abin da yawancin danginsa ba sa iyawa.

Ina ake samunsa yanzu?

Daga Sanagal har Habasha. Ana ganin garkensa a gandun dajin Zakuma na Chadi da na Waza a Kamaru. A Najeriya kuwa, inda a da yake yawo a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi, ya kusa ƙarewa.

Me ya jawo haka?

Madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke cika fadama, noma da kiwo suka matse wuraren sheƙa. Amma a ganina kamu ya fi yi masa illa. An daɗe ana kama shi ana sayar wa masu hali su ajiye a gida don ƙawa, alhali gaurakan tsakar gida da wuya ya hayayyafa. IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa.