Sara da Fartanya Ba Ya Kashe Balasa

Tun muna yara muke jin ana cewa idan ka sare balasa ka bar ta a rana, shi ke nan ta mutu. Masu filin ciyawar ado a gidajen Birnin Kebbi da Argungu da yawa haka suke yi duk damina. Ba laifinsu ba ne, domin yawancin ciyayi haka suke mutuwa.

Balasa daban take. Jikinta cike yake da ruwa, tana iya kwanaki a yashe ba ta bushe ba. Kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta fitar da saiwa. Ke nan fartanya ta yanka ta guntu goma, ka dasa goma da hannunka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ban da shuɗin furen da muke gani a sama, tana yin wani furen a ƙarƙashin ƙasa, ya ba da iri a can.

Gwada da kanka. Yanki guntu mai gaɓa ɗaya, ka kwantar a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a inuwa, ka duba bayan mako guda. Sannan ka tona gindin wata babba a hankali, za ka ga fararen rassa ɗauke da ƙananan ƙwanso.

A tuge ta da hannu bayan ruwan sama, tun tana ƙarama, a kwashe duk guntayen cikin buhu a fitar da su daga filin. Kada a aske ciyawar adon ƙasa-ƙasa, don idan ta yi kauri tana hana balasa samun haske.

Don Allah a tura wa maƙwabta da 'yan'uwa masu lambu wannan bayani.