Gwajin ƙanjamau kafin ɗaukar aiki: doka ba ta ba mai gida wannan hurumin ba

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a watan Mayun 2024, wata magana ta shiga bakin mutane: wai tunda gwamnati da kanta ta wajabta gwajin ƙanjamau, to mai kamfani ko mai makaranta ma zai iya cewa sai ka kawo sakamako kafin ya ɗauke ka. Na ji ta a majalisa, na kuma ji ta a bakin wani mai shirin podkas da ya kamata a ce ya fi haka sani. Sam ba haka ba ne. Dokar Kano ta ɗaurin aure ce, kuma ita kanta ta hana tsangwamar masu ƙanjamau da sikila da ciwon hanta.

Wadda ta shafi wurin aiki ita ce dokar tarayya ta 2014 da ta hana nuna wariya ga masu cuta mai karya garkuwar jiki, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Tana kare masu ɗauke da cutar, da waɗanda abin ya shafa irin su iyali, da ma wanda zarginsa kawai ake yi. Ta ce ba a sa gwajin ya zama sharaɗin ba da aiki, kuma makaranta ba ta cusa shi cikin gwajin lafiyar da take yi wa sababbin ɗalibai. Gwajin lafiya na gama-gari bai haramta ba. Abin da ya haramta shi ne a ɗebi jininka da sunan auna lafiya, a duba ƙanjamau a ɓoye, sannan a ce maka gurbi ya cika.

Akwai wata togaciya da masu ɗaukar aiki ke fakewa da ita, kuma a nan ruɗanin yake. Dokar ta bar ƙofa idan rashin yin gwajin zai jefa wasu cikin haɗarin kamuwa a zahiri. Sai dai ba manaja ne zai yanke wannan hukunci a ofishinsa ba. Sai ƙwararrun likitoci biyu, kowa ya yi nasa binciken daban, sun tabbatar wa kotu. Wanda ya ce "ai aikin abinci ne" ko "ai yara zai koyar" bai ko kusa cika wannan sharaɗi ba, domin cutar ba ta bin kwano ko musabaha ko alli. Wanda ma yake shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ko matarsa ba ya shafa wa ta hanyar auratayya, balle abokin zama a ofis.

Wasu kuma suna cewa tunda miji ko mata na da haƙƙin sanin ko abokin zamansu na ɗauke da cutar idan suna ganin suna cikin haɗari, to sirri ya ƙare ke nan. Wannan haƙƙi na ma'aurata ne, bai kai ga suruki ko mai unguwa ko shugaban ma'aikata ba. Fallasa matsayin mutum ba da rubutaccen izininsa ba laifi ne mai zaman kansa.

Hukuncin nuna wariya: tarar naira 500,000 ga mutum, naira miliyan 2 ga ma'aikata, ko ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba, ko a haɗa duka. A 2014, lokacin da dala ba ta kai naira 200 ba, kuɗi ne mai zafi. Yau da ta haura 1,000, miliyan 2 a wurin babban kamfani kuɗin man janareta ne. Ɗaurin ne kaɗai ya rage da haƙori, shi kuwa sai an kai ƙara, kuma kai ƙara na nufin ka tsaya gaban jama'a ka faɗi abin da kake ɓoyewa. A Legas, wata ma'aikaciyar jinya da aka kora a 1995 bayan an gwada ta ba da saninta ba tana da juna biyu, sai a 2012 kotu ta ba ta diyyar naira miliyan 7. A farkon shari'ar har hana ta shiga ɗakin kotun aka yi, wai kada ta shafa wa mutane. Shekara 17, mutum nawa ne ke da wannan juriyar? Ga shi binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da cutar a Najeriya sun kai miliyan 1.9.

Sashen da ba a cika ambata ba shi ne wanda ya ɗora wa duk mai ma'aikata 5 ko fiye rubuta manufar wurin aiki kan wannan cuta, tare da shawarar ma'aikatan ko wakilansu. Wato ƙungiyar ƙwadago na da ta cewa tun kafin a kori kowa. Lokacin yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC na Yunin 2024 kan mafi ƙarancin albashi, masu podkas da shirye-shiryen rediyo sun mara wa ma'aikata baya, kuma sun kyauta. Ni dai ban ji wanda ya tambayi shugabannin ƙwadagon ko sun taɓa neman ganin wannan takarda a wurin masu gidansu ba.