Waiwaye: Filin Hastings da ganuwoyin da Wiliyam ya bar wa Ingila

Mai neman filin yaƙin Hastings, in ya sauka a garin Hastings na bakin teku, da sauran tafiya a gabansa. Filin yana wani ƙaramin gari da ake kira Battle, kimanin kilomita 10 daga can, a kudu maso gabashin Ingila. A nan ne, ranar 14 ga Oktoban 1066, rundunar Wiliyam mai mulkin Normandi, a arewacin Faransa, ta karya ta Sarki Harold. Abin da maziyarci ke tararwa yau shi ne gangaren ciyawa, da kufan wata majami'a, da wani faffaɗan dutse a ƙasa da aka ce a daidai nan Harold ya faɗi. Yadda wurin ya tsira har ya zama abin ziyara yana da nasa tarihin.

Rigimar ta gadon sarauta ce. Sarki Edward ya rasu a farkon Janairun 1066 bai bar ɗa ba, aka naɗa surukinsa Harold Godwinson. Wiliyam ya ce shi aka yi wa alkawarin karaga, kuma Harold ya taɓa rantse masa a kan haka. Sarkin Norway, Harald Hardrada, shi ma ya ce da rabonsa, ya sauka a arewa tare da Tostig, ƙanin Harold. Sun ci yaƙi a Fulford kusa da York ranar 20 ga Satumba, amma ranar 25 ga watan Harold ya riske su a Stamford Bridge ya hallaka su duka biyun. Bai ko huta ba labari ya iso cewa jiragen Wiliyam sun tsaya a Pevensey ranar 28. Dole ya juyo kudu a gaggauce. A kan tudu ya jera mayaƙansa a ƙasa, garkuwa na gogar garkuwa, barade da 'yan bakan Normandi suka yini suna hawowa ana kora su, sai dab da magariba sahun ya tsinke. Ranar Kirsimeti aka naɗa Wiliyam a Westminster.

Kaffara ce ta ceci filin. Wajen 1070 wakilan Fafaroma Alexander na Biyu suka ɗora wa Normawa kaffarar jinin da suka zubar, Wiliyam kuma ya sa a gina gidan 'yan zuhudu a inda aka yi yaƙin, a kafa bagadin majami'ar a wurin da abokin gabarsa ya mutu. Tarihin da 'yan zuhudun suka rubuta daga baya ya ce sun so su zame su gina a ƙasa-ƙasa, domin kan tudun babu ruwa, sarkin ya ƙi ji. Sai suka baje kan tudun, suka cike wasu wurare don ginin ya zauna. Ka ga ke nan waɗanda suka adana filin su ne suka fara sauya masa kama, shi ya sa gangaren da ake gani yau bai kai tsinin wanda dawakai suka hau ba. An keɓe majami'ar a 1094, bayan mutuwar Wiliyam da shekara bakwai.

A 1538 Sarki Henry na Takwas, da yake rushe tsarin gidajen 'yan zuhudu, ya ba wani na hannun damansa, Anthony Browne, wurin. Browne ne ya rushe majami'ar, ya mai da gidan shugaban 'yan zuhudun nasa. Wurin ya daɗe a hannun masu hali har 1976, lokacin da gwamnati ta saye shi. Yanzu hukumar English Heritage ke kula da shi, wani sashe kuma makaranta ce. Duk Oktoba ɗaruruwan mutane kan sa sulke su kwaikwayi yaƙin a gaban 'yan kallo.

Sai dai har yau ba a tono ko kan kibiya ɗaya da aka tabbatar na wannan yaƙi ne ba, balle kabarin taron gawa. Wannan ya buɗe ƙofar gardama. Wasu sun ce a tudun Caldbec da ke kusa aka gwabza, wasu sun ce Crowhurst, a 2013 ma wani binciken talabijin ya nuna wani shataletale a cikin garin. A ganina hujjar gargajiya ta fi nauyi. Tarihin da Turawan Ingila suka rubuta da harshensu, da yake ba da labarin mutuwar Wiliyam a 1087, ya ce a daidai inda ya ci Ingila ya gina majami'ar, kuma a lokacin akwai sauran waɗanda suka ga yaƙin da idonsu. Ƙarfe kuwa abu ne mai tsada da ake tsincewa bayan yaƙi, abin da ya rage ƙasa ta cinye. Ko dutsen Harold sai da aka matsar da shi 'yan mitoci a 2016, bayan an sake auna inda bagadin yake.

Ganuwoyin su ne ba a gardama a kansu. Wiliyam na sauka Pevensey ya fake cikin tsohuwar katangar Romawa, wadda har yau tana tsaye ko da yake teku ta janye daga gindinta, kuma a 1940 sojojin Birtaniya sun ɓoye ramukan bindiga a jikinta saboda tsoron Jamus. Daga nan salon ya bazu: a tara tudun ƙasa, a kafa hasumiyar katako a kai, a haƙa gwalalo a kewaye, daga baya a sake da dutse. Ganuwar Kano ta kewaye birni ne don ta kare mutanen ciki. Waɗannan kuwa an dasa su ne a tsakiyar gari don baƙi 'yan tsiraru su tsare kansu daga masu garin, su kuma sa musu ido. Kundin ƙidayar dukiya na Domesday, na 1086, ya rubuta cewa gidaje 166 aka rushe a Lincoln don a sami filin ganuwa. York biyu aka kafa mata, kuma da arewa ta yi tawaye a 1069 Wiliyam ya bi ƙauyuka yana ƙona amfanin gona da dabbobi har yunwa ta kashe ɗimbin jama'a. Farar hasumiyar Landan, da aka fara wajen 1078 har da dutsen da aka ɗauko daga Caen ta Normandi, da ganuwar Windsor, da ta Durham ta 1072, duk daga wannan zamani suka samo asali. Masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto a gabansu, ba kowa ke tuna dalilin gina su ba.

Filayen arewa ba su sami gata irin wannan ba, don babu mai nasarar da ya rayu ya gina musu komai. A Stamford Bridge 'yar alamar tunawa ce kawai a cikin ƙauye. Yana cikin rajistar filayen yaƙi da Ingila ta buɗe a 1995, amma Fulford bai shiga ba saboda an kasa daidaitawa kan ainihin wurin, har aka ba da izinin gina gidaje a inda wasu masu bincike ke cewa nan ne.

Shaida mafi shahara kuwa ta shafe ɗaruruwan shekaru ba ta Ingila. Ƙyallen Bayeux ne, mai tsawon kusan mita 70, wanda aka yi wa surfanin labarin yaƙin da zaren ulu, ana kuma kyautata zaton Bishop Odo, ɗan uwan Wiliyam, ya sa aka ɗinka shi a Ingila. A jikinsa ne ake ganin mutumin nan riƙe da kibiya a ido, wanda masana ke ta muhawara ko Harold ne. A Yulin 2025 Shugaba Macron ya sanar cewa Faransa za ta ba gidan tarihin Birtaniya da ke Landan aronsa daga Satumban 2026 zuwa Yulin 2027, yayin da ake gyaran gidan da ke ajiye shi a garin Bayeux na Normandi. Wasu masu adana kayan tarihi a Faransa sun nuna adawa, suna cewa ƙyallen ya tsufa da yawa, ba zai jure tafiya ba.