Wane ne PA, kuma me ya sa kowa ya zama hadimi?

Kwanakin nan da wuya a saurari labarai ba a ji "hadimin wane ya ce" ba. Mai magana da yawun minista hadimi ne, mai ba shi shawara kan tattalin arziki hadimi ne, har yaron da ke zagin abokan hamayya a Facebook shi ma hadimi ne. Sai kuma mai gabatar da shiri ya ƙara dagula lissafi ya ce "mataimakin ministan", alhali PA ɗinsa (personal assistant, wato mai kula masa da harkokinsa na yau da kullum) yake nufi.

Kalmar ba ta da laifi. Daga Larabci aka aro ta, tushensu ɗaya da hidima, don haka duk mai yi wa wani aiki za ta hau kansa. Faɗin nata ne ya sa take rufe ayyukan da ba su haɗa hanya ba. Mataimaki yana da iko na kansa, yana iya zama kan kujera idan shugaba ba ya nan. Mai ba da shawara ra'ayinsa ake biya. Kakaki shi ne bakin ofis. PA ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne: ma'aikaci ne da aka ɗauka ya kula da lokaci da saƙonni da tafiye-tafiyen mutum guda. Ba ya yanke hukunci da sunansa, kuma wanda ya san aikinsa ba a jin muryarsa a rediyo. Duk PA ɗin da ya fara ba 'yan jarida labari, to ko dai an canja masa aiki ko yana dab da rasa shi.

Tushen aikin shi ne jadawali. Ba rubuta "taro ƙarfe goma" ba ne kawai. Sai an rubuta wurin taron, da sunayen masu zuwa, da takardun da maigida zai karanta kafin ya shiga, da tsawon lokacin da hanya za ta ci. Ana barin minti 15 ko makamancin haka tsakanin ganawa da ganawa, domin taron da ya zarce lokacinsa da safe shi ke rusa na yamma. Jadawalin kuma ɗaya tak ake riƙewa. Da zarar maigida yana da nasa a waya, PA yana da nasa a littafi, za a wayi gari baƙi biyu suna zaune suna jiran ganawa a lokaci guda.

A tafiya ne ake gane gwani. Tikiti ya ce jirgi zai tashi 00:30 ranar Talata. Wanda bai saba ba sai ya shirya mota daren Talata, alhali daren Litinin ya kamata a isa filin jirgi. Kafin a ankara jirgin ya kwana da tafiya. Sunan da ke kan tikiti dole ya zo daidai da na fasfo. Ƙasashe da dama ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata 6, ƙasashen Turai na yankin Shengen kuma suna neman aƙalla wata 3 bayan ranar da baƙo zai fita. Sai batun agogo, wanda ke kayar da har tsofaffin hannu. Bambancin lokaci tsakanin Landan da New York awa 5 ne, amma Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta watan Maris, Birtaniya kuwa sai Lahadin ƙarshe. A makonni biyu ko uku da ke tsakani tazarar awa 4 ce. Duk wanda ya sa taron bidiyo da lissafin da ya haddace, maigidansa zai shigo an yi awa guda ana magana. Shi ya sa ake rubuta lokacin garuruwan biyu a cikin gayyata, a kuma haɗa komai a shafi guda: lambar jirgi, adireshin otal, sunan direba da lambarsa, a buga a takarda saboda waya tana mutuwa.

Saƙonni kashi uku ake yi musu: wanda PA zai amsa da kansa, wanda zai tsara amsa maigida ya duba, da wanda maigida kaɗai zai gani. Gmail da Outlook duka suna da hanyar ba wani izinin shiga akwatin saƙon maigida ta nasa asusun, kuma ita ce daidai, ba a miƙa masa kalmar sirri ba. Idan saƙo ya zo da sunan maigida yana cewa a tura kuɗi yanzu-yanzu zuwa sabon asusu, ba a motsi sai an kira shi a lambar da aka sani. 'Yan damfara PA suke hari, don sun san ya saba cika umarni da sauri.

Abin da ya fi ɓata sunan aikin shi ne tsaron ƙofa. Tace masu son ganin maigida wajibi ne, amma bisa ƙa'idar da maigidan ya shimfiɗa, ba bisa wanda PA yake so ko wanda ya yi masa ihsani ba. Wanda ya mayar da ƙofa kasuwa ya raba maigidansa da labarin da yake bukata, kuma shi ne yake sa mutane ɗaukar PA a matsayin ɗan koren mai mulki.

Akwai kuma iyaka da ya kamata a rubuta tun ranar kama aiki. Wasu na sa PA biyan kuɗin makarantar yara da neman ganin likita, wasu ofis kawai. Duka biyun suna faruwa, amma a fayyace a takardar ɗaukar aiki, tare da awoyin da za a iya kiransa da adadin kuɗin da zai iya kashewa ba tare da neman izini ba. Kuɗin ofis da na gidan maigida kuma kowanne da rasiɗinsa daban, domin ranar da masu binciken kuɗi suka zo, PA za su fara tambaya.